Mako Ɗaya, Gado Shida

Femke tana 'yar shekara takwas ta fara jin sunansa, kuma daga bakinsa ta ji. Wayar gidan Kaka Griet ce ta yi ƙara, ta ɗauka, sai wata murya ta ce, "Evert Dekkinga ke magana, mataimakin shugaban sashen wuraren ajiye motoci na ƙaramar hukuma." Femke ta ruga kicin ta ce wa Kaka gwamnati na nemanta. Ashe saurayin Gwaggo Tineke ne, yana tambaya ko ta iso lafiya.

Tun da ya auri Gwaggo, zuri'arsu ta Boonstra ta fita daga duhu. Kafin zuwansa suna yanka cuku ba bisa ƙa'ida ba, suna hura tayar keke da jahilci. Kawu Evert mutum ne da ba ya rowar ilimi. Ko ba a tambaye shi ba zai bayar, ko an tashi zai biyo mutum har bakin ƙofa ya ƙarasa masa.

Abu ɗaya ne ya gagare shi gyarawa. Duk shekara, a hutun makaranta na watan Oktoba, su goma sha tara ɗin nan sukan tafi wani tsohon garken shanu da wani manomi ya mayar masauki, can arewa kusa da teku. Gadaje masu hawa biyu, banɗaki biyu, tukunyar miyar wake da za a iya yi wa jariri wanka a ciki. A makon ne ranar haihuwar Kaka take faɗowa. Akan zaunar da ita a tsakiya a ɗauki hoto, Femke ta manna a kundin hotunan gida, ta rubuta shekara da sunayen kowa. Ita ke riƙe da kundin tun da hannun Kaka ya fara rawa. Bana Kaka za ta cika tamanin, likita kuma ya fara yi mata magana a hankali, irin maganar da ba ta buƙatar ƙarin bayani. Abin da ta roƙa bai da yawa: su goma sha tara, tebur ɗaya.

A watan Mayu, ana zaune a da'ira a falon Kaka, kowa da kofinsa na kofi da biskit ɗaya, Kawu ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi.

"Ya ku dangi, zamanin warin shanu ya wuce. Na sayi gida a Kwarin Almara."

Kwarin Almara kowa ya san shi, wurin wasan nan na kudu mai jirgin da ke juya mutum kai ƙasa da dodannin roba masu hura hayaƙi. Baban Femke, Sjoerd, ya ajiye biskit ɗinsa.

"Gida ka saya, suruki?"

"Mako ɗaya a cikin gida, duk shekara, har shekara talatin. Mallaka ce, Sjoerd. Ba kowa ke fahimtar irin wannan ba."

"To sauran makonni hamsin da ɗaya fa, wa ke kwana a gadonka?"

"Wasu masu hangen nesa irina."

Wannan kirari ba shi ya ƙirƙira ba. Wani saurayi mai farin haƙori ne ya ba shi, a wurin wata liyafar rana ta kyauta da aka ce minti casa'in ce ta kai awa huɗu. Saurayin ya dube shi ya ce tun da ya fara wannan aiki bai ga wanda ya gane lissafi da sauri irinsa ba. Kawu ya yarda, don shi ma ya daɗe da wannan ra'ayi. Ya sa hannu. Da ya dawo gida, don ya rage wa dangi wahala, ya kira manomin ya soke masaukin bana. Kafin magariba wata ƙungiyar mawaƙan coci ta kama wurin.

Daga ranar yara suka sa masa Mai Mako. Ya ɗauka girmamawa ce.

Femke ce ta karɓi takardar ta karanta, don ita ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale. A shafi na tara ta ce, "Kawu, nan an rubuta gado shida."

"Shida masu inganci."

"Mu goma sha tara ne."

"A shimfiɗa katifa a ƙasa mana," in ji Gwaggo Tineke.

Ba a shimfiɗawa. A Kwarin Almara kowane gado da awarwaronsa na roba, ƙofar shiga kuma awarwaro take ƙirgawa, ba ta san zumunci ba. Amma Mai Mako ba ya rasa dabara. Bayan kwana biyu ya aiko wa kowa jadawali mai launi huɗu. Za a riƙa zuwa bi da bi. Shi da matarsa ba sa cikin juyi, tunda mai gida ba ya bin layi a gidansa. Saura gado huɗu, mutum goma sha bakwai. Autar jikoki layi zai zo kanta bayan shekara huɗu.

Kaka ta sa tabarau ta duba jadawalin sama da ƙasa. Ta ce, "Evert, a wane layi ne muke haɗuwa duka?"

"Inna, tsarin zamani ba ya buƙatar haka."

Kaka ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin tukunyar shayi.

Sai maganar mako. Kawu ya zaɓi makonsa ne daga kalandar bangon ofishinsa, ofishinsa kuwa a kudu yake. Dangi duka a arewa suke, hutun makarantun arewa kuma bana bai faɗo tare da na kudu ba. Mako guda ne tsakani: na arewa na ƙarewa, na kudu na farawa. Jikoki tara suna makaranta, kuma ba a cire yaro daga aji don ya je ya gaida dodon roba, in an yi haka jami'in hukuma zai ƙwanƙwasa ƙofa. Iyaye suka zauna da 'ya'yansu. Gadon da ya yi kaɗan a watan Mayu sai ga shi ya yi yawa a Oktoba. Mutum huɗu suka tafi ranar Juma'a: Mai Mako, matarsa, tsohuwa mai sanda, da Femke, wadda ta gama makaranta, mai tura keken tsohuwar.

Ranar Asabar, ranar Kaka, sauran suka taso tun da safe a mota uku, tafiyar awa uku. A bakin ƙofa Sjoerd ya karanta kuɗin shigar mutum goma sha biyar, ya sake karantawa, ya ce, "Ban taɓa biya don in sha kofi da uwata ba, ba kuma yau zan fara ba." Ya kira Femke ya ce ta turo Kaka waje.

A filin ajiye motoci, layi na goma sha huɗu, aka jera motocin uku suka tare iska. Aka buɗe teburin ninkewa. Burodi da cuku suka fito, da miyar wake a babban flas, da kek ɗin tuffa da ya ɗan karkace a hanya. Yayyafi ya fara, aka riƙe wa Kaka lema. Ihun masu hawa jirgi yana tsallako katanga, ba wanda ya waiwaya. Kaka ta ƙirga kawuna da yatsa, ta sake ƙirgawa.

"Sha takwas. Ina mai gidan?"

"Taron masu mallaka," in ji Gwaggo, idonta a ƙasa. "Ya ce minti casa'in ne."

Aka jira shi har kofi ya huce, har yara suka fara rawar sanyi. Kaka ta ce a ɗauka haka nan, ba ta da lokacin jiran mai hangen nesa. Wani mai gadin filin ya karɓi kyamarar ya ɗauka, aka ba shi kek.

Motoci sun kama hanyar arewa da Kaka a ciki lokacin da Kawu ya fito, fuskarsa na sheƙi, da sabuwar jaka mai tambarin dodo a hammata. Ya ce ya gano bakin zaren: matsalar ita ce mako ɗaya ya yi kaɗan, kuma saurayin nan ya ajiye masa na biyu, don shi kaɗai.

Hoton nan shi ne na ƙarshe da Kaka take ciki. Yana shafi na arba'in da ɗaya: mutum goma sha takwas, lema uku, injin biyan kuɗin fakin a bayansu. Da Kawu ya gani a Kirsimeti ya daɗe yana kallo, sannan ya ja Femke gefe ya rage murya.

"'Yata, ke kika iya almakashi. Ki yanko ni daga wani hoton ki manna kusa da Inna. Ki nemi wanda nake sanye da kwat. A ƙasa kuma ki rubuta: A gidan Kawu Evert."