Baitocina da Takardun Ƙarin Girma

Ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin kwamfuta na ofishinmu a Unguwar Sarki, sai na ga umarnin da muke rubuta wa injin ya cika bushewa. Na sauya masa saiti: duk layin da ya fara da alamar tauraro, ya tsallake shi. A irin waɗannan layuka na riƙa ɓoye baitocin waƙata. Ban tambayi kowa ba, ai ni ce mai digiri.

Ranar Litinin takardun ƙarin girma suka fito babu suna ko ɗaya, ga ma'aikata cike da baranda suna jira.

Nan take na zargi Malam Habu, dattijon ɗakin. Na ƙwace faifansa, na ce cutar kwamfuta ya kwaso mana daga gidansa na Katabu. Har na shinshina injin, ko goronsa ne ya faɗa ciki.

Ya gyara tabarau, ya leƙa allon.

"'Yata, shekara bakwai ina sa wa layin sunaye tauraro. To, wace ce ke roƙon Kogin Kaduna ya tafi da kewarta?"

Har yau in fayil ya ɓace, sai ya ɗaga murya: "Kar a zargi kowa. A duba kogi."