Rasuwar Saniyar Waliu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da na rasa wanda zan sauke wa, ni Waliu Raji na unguwar Kwaciri a Fagge, mai sana'ar ɗaukar bidiyo, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar abokiyar tafiyata, wato batirin nan mai cin hasken rana da nake cajin kyamarori da shi, wanda Fulanin Arɗo Dabo suka raɗa wa suna Saniyar Waliu. Ta rasu ranar Laraba da hantsi a tsakar gidanmu, kusa da turmi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ɗauko marigayiya daga wani shago a Sabon Gari tana cikin kwalinta, a shekarar da na fara bin Arɗo Dabo da shanunsa a ƙafa. Duk bayan kaka sukan tashi daga gefen dajin Falgore su nufi kudu neman ciyawa, ni kuma ina biye ina ɗaukar fim ɗin tafiyar. A wannan hanya babu turken lantarki, babu shagon mai caji. Da safe sai mu shimfiɗa faifan solarta a bayan jaki, tana tafe tana kiwon rana, da yamma in zauna in tatse ta. Daga nan sunan ya samo asali.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kyauta. Ta haye rafi a kaina, ruwa na dukan haɓata. Jaki ya taɓa kayar da ita a kan dutse, ta tashi ta ci gaba da aiki. Bayan ta ƙosar da kyamarori, ba ta taɓa hana wayar Arɗo ko rediyonsa abin da ya rage ba. Ba ta da surutu. In an jona mata waya ta ce "ƙit", fankarta ta ɗan yi "fuuu", shi ke nan.

Wadda daji bai kashe ba, gida ya kashe ta, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Ga yadda ajali ya zo. An kwana biyu ba a kawo wuta ba, layin injin markaɗe ya kai bakin titi. Mahaifiyata Hajiya Adijat, wadda unguwa ta sani da Iya Waliu, ba ta taɓa bari na shiga daji babu soyayyen tattasanta ba, irin wanda ake ƙafewa da mai ya yi makonni bai lalace ba. Na fita Titin Ibrahim Taiwo sayen katin kyamara, na bar marigayiya a rana tana cika cikinta. Iya ta ga ramin soket a jikinta, ta ɗauko bilenda, ƙaramin injin markaɗenta, ta jona. Marigayiya ta yi kuka "ƙit-ƙit-ƙit" ta ɗauke. Iya ta ɗauka ƙiwa ce, ta sake danna maɓalli. Ta sake ɗaukewa, aka sake dannawa. Haka suka yi ta fafatawa har aka ji "fat!", ƙauri ya tashi.

Da na dawo, na tarar da Iya tana jajjaga sauran a turmi. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Waliu, an cuce ka a abin nan. Tattasai ma ya gagare shi, ina ga daji?"

Jama'a, me zan ce? Uwa ce, kuma guzurina take haɗawa. Na buɗe baki na ce, "Sannu da aiki, Iya." Na shiga ɗaki na ciji matashin kai.

An garzaya da marigayiya wurin Onyedika, mai gyara a Sabon Gari, wanda ya san cikinta tun tana ƙarama. Ya kwance ta, ya sunsuna, ya dube ni. "Oga Waliu, wa ya sa mata injin niƙa?" Na ce ƙaddara ce. Ya ce abin da ya ƙone sai an aiko daga Legas, kuma ko an aiko, kada in sa rai kafin sabon wata. Shanu kuwa Asabar ɗin nan za su tashi, kuma ban taɓa jin garken da ya tsaya jiran mota daga Legas ba. Na zaga abokan sana'a neman aro, duk mai irinta yana wurin biki da ita.

Abin da ya sa rashin ya yi mini nauyi shi ne, bara a bakin wani rafi Arɗo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan Kano, tafiyar baɗi ce ta ƙarshe. Gwiwa ta gaji, gonaki sun cinye burtali, yara sun ce za su zauna. Ka zo da saniyarka ka ɗauka da kyau." Na yi masa alkawari.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, faifan sola, wanda zai ci gaba da shan rana ba shi da inda zai zuba. Ta bar kyamara babba da ƙarama, da marayun batura waɗanda ba sa kai azahar in ba a shayar da su ba. Ta bar wayoyin caji cike da jaka, da fim ɗin da ba shi da ƙarshe. Ta kuma bar bokiti guda na soyayyen tattasai, wanda, don gaskiya, ya yi daɗi.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan la'asar a rumfar Onyedika, inda zai cire abin da ke da sauran amfani, ragowar a miƙa wa 'yan jari bola. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu na Kwaciri har zuwa magariba. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya faɗa wa Iya abin da ya kashe marigayiya. Kada a kawo abinci, akwai tattasai. Wanda ke da batirin kyamara, ko tsoho ne, ya cika shi ya zo da shi.

Ba za a yi zaman uku ba, domin Asabar da sassafe zan bi shanu. Zan yi tafiyar da kyamara a kashe cikin jaka, in ga abin da zan gani da idona kawai, in adana 'yar wutar da na samu har ranar da Arɗo zai miƙa wa ɗansa sandar kiwo, ya yi sallama da tafiya.