Yadda Za Ka Raya Gasar Kwale-kwale Alhali Ba Ka Iya Ruwa Ba

Idan gasar tseren kwale-kwale tana shirin mutuwa a hannunka, masu hidima sun tsufa, masu shiga sun watse, ka kwantar da hankalinka. Ni ne Yahya, haifaffen Gumel, direban Uber a garin Greensboro na Amurka, mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba sai da ya haura arba'in. Ni ne shugaban gasar da ake yi duk shekara a wani tafki da ke arewa da gari, kuma ni na ceto ta. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbacin taka ma za ta rayu. Mutuncinka ne kawai ban yi alkawari a kansa ba.

Mataki na 1: Ka zama shugaba ba da niyya ba

Ka ɗauko fasinja, tsohuwar Baturiya mai suna Rachael, mai shekara saba'in da takwas, ka kai ta taron ƙungiyarsu a bakin tafki. Ka ga tana fama da wani ƙaton akwati. Tarbiyya ta hana ka tafiya, sai ka kai mata shi har ciki. Da ka ji sanyin ɗakin, ka ɗan zauna a baya.

Mutum shida ne a taron, mafi ƙuruciyarsu yana dogara sanda. Za su juyo su dube ka kamar yadda mai azumi ke duban kankana. Duk abin da aka faɗa, ka gyaɗa kai ka ce ba matsala. Ni kafin na gane Turancin da ake yi, an riga an tafa mini.

Mataki na 2: Ka san abin da ka gada

Kwale-kwalen nan ba irin na masunta ba ne. Ƙarami ne, babu inji, babu abin tuƙa ruwa, sai doguwar sanda a tsakiya da wani farin ƙyalle da iska ke turawa. A ƙasan ƙyallen akwai wani ƙarfe a kwance, wanda ba shi da aiki a duniya sai neman ƙeyarka.

Mijin Rachael ne ya kafa gasar shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ya rasu ya bar mata ƙahon da ake busawa a fara tsere, shi ne a cikin akwatin nan. A da jirage arba'in ke fita. Bara uku suka fita. Masu kula da tafkin sun aiko da takarda: bana in jirage biyar ba su tashi ba, ko kuma babu wanda ya kammala cikin awa ɗaya da rabi, za a ba masu gasar kamun kifi ranar, har abada. Rachael ta karanta mini takardar sau biyu. Tausayinta ya kama ni sosai, kuma daga tausayin nan duk wahalata ta faro.

Mataki na 3: Kada ka nemi mutane ta waya

Jirage suna nan a ajiye, masu su ne suka gaza. Ɗaya an yi masa aikin ƙugu, ɗaya ya koma wurin jikoki, ɗaya likita ya hana shi rana. Dole ka koma ga mutanenka.

Na tura saƙo a zaurenmu na WhatsApp mai mutum ɗari da goma sha biyu. Na samu addu'a tamanin. Masana sun tabbatar cewa duk wanda ya rubuta maka "Allah ya ba da sa'a" ya riga ya sallame ka.

Ka bi su gida-gida. Na je Glenwood wurin Ma'aruf, ɗalibin digiri na uku, ya ce, "Wallahi Yaya, supervisor ɗina ya sa ni a gaba." Na je wurin Safwan, mai aiki a wani sito a Wendover, ya ce, "Weekend ɗin nan ina da double shift." Ban ma faɗa masa wane wata ba ne. Fourera, nas ce 'yar Damagaram, ita kaɗai ta ce, da ɗan Faransancinta, "Bon, zan gwada." Da ni da ita, jirage biyu ke nan.

Mataki na 4: Ka samo dattijo

Wannan shi ne sirrin. Bahaushe zai iya ƙin ka, amma ba zai iya ƙin dattijo ido da ido ba.

Nawa dattijon surukina ne, Alhaji Hudu, mahaifin matata Hafsatu, wanda ke zaune a Sedgefield wurin ɗansa. Mutumin Yawuri ne, kuma shekara ashirin yana ba mutane labarin yadda ya ratsa kogin Kwara da ƙuruciya. Na je na tsuguna, na sunkuyar da kai, na yi bayani. Ya ce, "Wannan ɗan tafkin? Ai ruwan alwala ne. Kira mini yaran nan."

Da la'asar supervisor ya saki Ma'aruf, shift ɗin Safwan ya ɓace. Jirage biyar sun cika, har da na Alhaji.

Mataki na 5: Ku koyi abin

Asabar huɗu Rachael tana koya mana. Fourera ta iya tun rana ta biyu. Alhaji bai saurara ba, don a cewarsa ba a koya wa ɗan Yawuri ruwa. Ni kuwa na sa rigar ceto biyu, ɗaya kan ɗaya, na faɗa ruwa sau bakwai, kuma ƙarfen nan ya same ni har na daina ƙirgawa. Ka riƙa cewa da gangan kake faɗawa don ka gwada zurfin wurin.

Abu ɗaya Rachael ta yi ta nanatawa: kada ka fuskanci iska kai tsaye, ƙyallen zai yi ta kaɗawa, jirgin ya tsaya cik. Ka tuna da wannan, don akwai wanda bai tuna ba.

Mataki na 6: Ka manta da halin mutanenka

Na shirya komai. Na ce wa jama'a ƙarfe takwas don su zo sha ɗaya. Hafsatu ta yi waina da miyar taushe. Abin da ban lissafa ba shi ne tarbiyya.

Rachael ta busa ƙaho daga jirgin alƙalai, tsere ya fara, babu wanda ya motsa. Ma'aruf ya ce, "Bismillah, Alhaji." Safwan ya ja gefe. Alhaji ya ɗaga mana hannu ya wuce, muka bi bayansa a jere kamar masu rakiyar amarya. Haka muka zagaya farkon tulunan robar da aka sa a ruwa don alamar hanya, muka zagaya na biyu, duk wanda jirginsa ya fara gudu sai ya sassauta igiya. Daga nesa ina hango Rachael ta ɗora hannu a ka.

Saura kamar taku ɗari a kai layin ƙarshe, Alhaji ya juya hancin jirginsa cikin iska. Ƙyalle ya hau kaɗawa, jirgi ya tsaya, har ya fara ja da baya. Alhaji ya gyara zaman hularsa kamar haka ya tsara.

Jirage uku suka hau kewaya a bayansa. Ni na iso a ƙarshe, kamar kullum. Rachael ta ɗaga lasifika ta ce saura minti goma sha ɗaya.

Na ce, "Ma'aruf, wuce mana."

Ya ce, "Yaya, shi ne waliyyina a watan gobe."

Safwan ya ce, "Ni shi ya samo mini job."

Na dubi Fourera, wadda da ta ga dama da tuni tana cin waina. Ta ce, "Ah non. Kai ne shugaba, kuma surukinka ne. Ku kuka san juna."

Mataki na 7: Ka wuce surukinka

Ka sani, shekara goma sha huɗu ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba. Ban taɓa kiran sunansa ba. In muka haɗu a ƙofar masallaci, baya nake ja har ya ɓace.

Saura minti shida. Na dubi Alhaji, na dubi tsohuwar nan a tsaye da ƙahon mijinta a ƙirji, tana kallon agogo. Kunya ta kama ni, amma na san in na tsaya, gobe kunyar Rachael ce za ta hana ni barci.

Ga yadda ake yi. Ka cire takalmanka. Ka tsuguna a cikin jirgin iya tsugunawa, igiya a hannu ɗaya, sandar juya jirgi a ɗayan. Ka kafa ido a ƙasa. Da ka zo daidai da shi, ka gaishe shi.

"Baba, barka da hutawa."

Alhaji ya sake gyara hularsa.

"Baba, ya ruwa?"

Ya ce, "Yahya, wucewa kake yi?"

"A'a Baba, iska ce."

"To. Allah ya kai ka lafiya."

Ban taɓa jin addu'ar da ta tsorata ni kamar wannan ba. Da yake idona na ƙasa, ban ga ƙarfen ba, ya zo ya same ni a inda ya saba. A haka na tsallaka layi, a durƙushe, ba takalmi, ina ganin taurari da rana tsaka, saura minti biyu. Rachael ta busa ƙahon, ta sake busawa, ta ƙi dainawa. Da na matso na ga kuka take yi.

Mataki na 8: Ka karɓi sakamako

An ba ni kofi. Yana cikin but ɗin mota har yau, don Hafsatu ta ce ba zai shigo mata gida ba. Kwana goma sha tara Alhaji bai amsa gaisuwata da fiye da "lafiya" ba.

A rana ta ashirin Rachael ta kira ni. Ta ce wani dattijo ya zo da kansa, ya rubuta sunansa na farko a takardar baɗi, ya kuma nemi ta riƙa koya masa ranar Talata, kada kowa ya sani. Zuwa Juma'a kowa ya sani. Yanzu sunaye goma sha bakwai ne a takardar, masu hidima har an fara mayar da wasu, domin duk Bahaushen Greensboro yana son ya ga ranar da Alhaji Hudu zai rama. Akwai masu zuwa daga Raleigh.

A taron ƙarshen shekara Rachael ta miƙo mini akwatin nan, ta ce gwiwoyinta sun gaji, ƙahon ya zama nawa. Na yi murna, don mai busa ƙaho a jirgin alƙalai yake zama, ba ya tsere. Alhaji ya miƙo hannu daga bayana ya karɓe akwatin, ya ba Hafsatu.

Ya ce, "Ita za ta busa. Kai ina son ka a cikin ruwa."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko ƙulu a ƙeya, ko ruwan tafki a ciki, ko tuwon da aka daina ajiye maka. In surukinka ya yi fushi, kada ka ambaci sunana, ban san ka ba. In kuwa kana da wani uzuri mai ƙarfi da zai hana mutum fita ranar Asabar ta biyu a cikin watan Yuni, wanda dattijo zai yarda da shi, ka taimaka ka aiko mini.