Hajjo a Layin Masu Taya

"Lafiya lau na kwana, tunda ban yi mafarkinka ba," in ji Hajjo. "Ya gajiya, maigidan da ba a taɓa ganin cefanensa ba?"

"Gajiya ga ta nan zaune a kujerar motata," Nuraddeen ya ce. "Amarya, wa ya buɗe miki?"

"A buɗe ka bar ta, kamar bakinka. Shigo mu tafi."

Nuraddeen ya tsaya da makulli a hannu yana kallon kakarsa. Ta hakimce a gaban a-kori-kurar, ta ɗaura bel da kanta, fuskar nan a murtuke kamar mai zuwa kotu.

Kuma a wurinta kotun ce. Tun da ɗanta Alhaji Farouk ya ɗauko ta daga Malumfashi ya ajiye ta a Gwarinpa, a gidan da aka shafe tsakarsa da siminti har kaza ba ta da inda za ta yi tono, abu ɗaya ke hana ta haukacewa: ranar Asabar. Shekarun nan ne da kuɗi ya buɗe a Abuja, duk ma'aikacin da ya ji aljihu ya yi nauyi sai ya sayi gona, ko da bai san gero daga ciyawa ba. Alhaji ya sayi tasa a wani ƙauyen Gbagyi can bayan Kuje, ya je sau ɗaya, takalminsa ya ɓaci, bai koma ba. Nuraddeen ke zuwa duk Asabar, Hajjo na gefensa. Can awakinta suke. Can kuma Rosemary take, tsohuwa sa'arta mai kula da awakin, wadda suke zama tare a gindin kaɗanya suna ɓarar gyaɗa suna cin naman surukai, rabi da Hausa rabi da hannu.

To, satin da ya wuce motar ta daki dutse a mashigin rafi. Da suka dawo, Hajjo ta ɗauki ƙusarta tana cire tsakuwar da ke maƙalewa a zanen tayoyin, aikin da ba wanda ya sa ta, sai ta ga gefen tayar gaba ya kumbura kamar ƙwan agwagwa. Ta duba hagu, ta duba dama, ta kankaro laka daga ƙarƙashin motar, ta jiƙa da ruwan buta, ta shafe wurin sumul. Dabarar ba ta yi ba. Jiya da la'asar ta ji da kunnenta Alhaji yana cewa, "Ka je ka canza tayoyin nan, ka sa na gari. Hanyar nan ba ta tsofaffi ba ce." Hajjo ba yarinya ba ce. Tayar gari ba ta haura wannan rafin da damina. Ba wanda zai dubi idonta ya ce ta daina zuwa gona. Za a dai riƙa cewa mota ba za ta iya ba, har awakin su manta muryarta. Ga shi yau Asabar, maimakon gona, wurin masu taya za a.

"Ba gidan biki zan je ba fa," ya ce yana tayar da mota.

"Na sani. Zan je in ga yadda ake cutar ka ne. Kai da aka taɓa sayar wa makahon rago."

"Ido ɗaya ne kawai ba ya gani da shi."

"Ɗayan ma lahira yake kallo."

"Yi ta magana. Da ke taya ce, da tuni an yanka ki an yi guga."

"Da kai taya ne, ko yaran unguwa ba za su gara ka ba. Dubi kai, tun ba a yi aure ba ya suɗe. Zanenka ya ƙare tun ba ka hau hanya ba."

"Gado na yi wurin mijinki na fari."

"Kar ka taɓa min Malam. Nasa sanƙon na karatu ne. Naka na tunanin 'yan matan da suka ƙi ka ne."

"Su suka ƙi ni? Suna zuwa, su gan ki a ƙofa, su juya."

"To ai kishi wajibi ne. Kalli hanya, kar ka kashe ni in bar ka gwauro."

Da haka suka isa layin masu taya a Garki, inda aka jibge tayoyi har sun fi rufin shaguna tsawo. Zacharias, mai shagon da Nuraddeen ya saba zuwa, ya fito yana goge hannu, ya jawo wa tsohuwa benci.

"Oga Nura, sannu da zuwa. Mama, ina kwana. Oga, wannan kakanka ne?"

"Matata ce. Da gidan na gaje ta, kamar tsohon firij."

"Ƙarya yake, ɗana," in ji Hajjo. "Ni na tsince shi a kwata, har yau ba wanda ya zo cigiya."

Zacharias ya durƙusa gaban tayar yana dariya. Ya sa babban yatsa ya ɗan taɓa lakar, sai ta ɓanɓaro gaba ɗaya kamar ƙanzo, kumburin ya bayyana. Ya juya ɓawon lakar a tafin hannu.

"Oga, wannan laka ba hanya ya sa shi ba. Dubi, har da shatin yatsa."

Nuraddeen ya karɓa, ya ɗaga sama yana dubawa kamar likita. "Yatsu gajeru. Irin na wadda ta fara tuƙin tuwo tun zamanin Turawa."

"Zanzaro ne," Hajjo ta ce, tana kallon wani wuri. "Gini ya yi."

"Zanzaro mai zobe? Ga shatin zobe nan."

"Zanzaron Abuja ne. Yanzu wa bai yi kuɗi ba?"

Zacharias ya yi dariya har ya dafa ƙasa. Amma da ya miƙe, sai ya gyara murya. "Mama, wannan ba wasa ba ne fa. Wayan ciki ya tsinke. Gefen taya ba a yi masa faci. In ya fashe a kan kwalta ana gudu, sai dai Allah."

Ita Hajjo awaki ta tuna da ta kwaɓa lakar nan. Ba ta tuna yaron da ya yi sati yana hawa motar zuwa ofis, yana tsere da manyan motocin yashi ba. Ta saci kallonsa, ta ga kunnuwansa biyu da ƙafafunsa biyu duk suna nan, ta yi hamdala a zuci. A fili kuwa cewa ta yi, "Wannan ai ko mutuwa ba ta son sa."

Zacharias ya garo tayoyi iri-iri ya jera. Nuraddeen ya ɗora ƙafa a kan wata mai ƙananan zane, baƙa wuluk tana sheƙi.

"Ga irin wadda Baba ya ce."

"Wannan? Wannan ai 'yar gayu ce. Ta ga taɓo za ta zauna ta yi kuka ta kira uwarta." Hajjo ta miƙe ta dafa wata ƙatuwa mai manyan gaɓoɓi. "Ga taya. Dubi haƙora kamar na kada. Ita za a sa."

"Ta ga abin da ba ta da shi," in ji Nuraddeen.

"Ina da biyu, sun isa cizon ka."

"Mama, wannan na taɓo ne zalla," Zacharias ya ce. "A kwalta yana kuka kamar injin niƙa, yana shan mai, in ruwa ya sauka a titi yana santsi. Kuma girgiza, kafin ku kai Kuje bayanki ya gaya miki."

"Bayana ba ya gulma. To waɗancan fa, da aka tara a gefe? Su ma zanensu da zurfi."

"Na maƙwabcina ne, gwanjo daga Turai. Na ƙanƙara ne, ga hoton dutse da ƙanƙara a jiki. Mutane suna ganin zane suna ɗauka na daji ne. Ranan Abuja yana dafa shi kamar ƙwai."

"Ƙyale ta, 'yan'uwanta ta gani," Nuraddeen ya ce. "Sun gama aiki a wani wuri, an kwaso su an kawo Abuja su ƙarasa a jibge. Zacharias, ɗaura min na garin nan mu tafi."

Ya juyo yana jiran abin da za a jefo masa. Ba a jefo komai ba. Hajjo ta koma kan benci a hankali, ta gyara mayafi, ta ɗora hannu bisa hannu, ta zuba wa ƙasa ido. Tun yana goye a bayanta bai taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba. Ya jira. Injin iska na ta tukutuku a shagon gaba.

Sai ga Nuraddeen, ƙaton injiniyan ma'aikatar gwamnati, durƙushe a cikin baƙin mai, da farar shadda.

"Hajjo. Ke Hajjo. Wasa fa nake."

"Sa abin da ubanka ya ce," ta ce, murya can ƙasa. "Motarsa ce."

"Zacharias, don Allah fito da su kafin matar nan ta sake ni."

Zacharias ya shiga ciki ya fara garo wasu tayoyi daban, kowace an rubuta NURA da alli a jikinta. Zanensu da zurfi, amma a jere kusa da kusa, gefen kuma da kauri kamar fatar bauna.

"Mama, tun jiya da yamma oga ya buga waya ya ce in ajiye. Wannan shi ne na tsakiya. Yana bin kwalta lafiya, yana bin burji, yana shiga rafi. Dutse ba ya yanka gefensa da sauƙi."

Hajjo ta dubi tayoyin, ta dubi jikanta. "Ubanka fa?"

"Da kin tsaya kin ji ƙarshen zancen, maimakon ki shige ɗaki kina ƙunƙuni. Ce masa na yi to, zan sa na gari, amma daga yau shi zai riƙa zama da ke duk Asabar, daga safe har dare."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce in sayi masu kyau, har da safaya."

Hajjo ta kau da kai. Ta sa gefen mayafi ta goge ido, wai hayaƙin janareto ne.

"Ɗan banza. Munafuki. Ka sa tsohuwa ta yi shiru a gaban mutane."

"Wallahi Garki ta huta. Har tsuntsaye na ji suna kuka."

"Tashi daga cikin mai, ba ni zan wanke ba. Kuma ka duba da kyau, kar su ma makafi ne."

"Na duba. Zo ki gani, kowace an buga mata sati da shekarar haihuwa a gefe. Bana aka yi su. Taya in ta daɗe a ajiye tsagewa take, ko ba a hau ta ba. Ke ina aka buga taki?"

"Ni ba a buga min ba, don ba na lalacewa."

Aka ɗaga mota a jak, aka shiga kwancewa da ɗaurawa. Da aka zo ba su iska, Hajjo ta matso ta daki ɗaya da ƙafa, ta ce a ƙara, ba ta yi tauri ba.

"Kin ga irin ta?" in ji Nuraddeen. "Haka masu faci ke yi, su dunga bugawa sai ta zama dutse, mota ta yi ta tsalle da ke kamar buhun masara. Da geji ake aunawa, da safe kafin taya ta yi zafi, daidai abin da aka rubuta a jikin ƙofa. In mun sauka kwalta mu rage kaɗan don ta kama ƙasa, in mun dawo Kuje mu mayar."

"Kuma oga, ka riƙa kawowa ina juya su, na gaba su koma baya," Zacharias ya ce. "Yanzu ma ka bi a saita maka ƙafa, dutsen nan ya karkata shi. In ba haka ba gefe ɗaya zai cinye."

"Kamar bakin wata da na sani."

"Bakin da ya tauna maka abinci kana tsumma," Hajjo ta ce. "Ni kuma meye aikina, ko an kore ni?"

"Ƙusarki tana nan. Ki cire tsakuwa. In kuma kika ƙara ganin kumburi?"

"In kira zanzaro."

"Hajjo."

"In faɗa maka. Na ji. Wallahi in faɗa maka, ko da a kan sallaya kake."

Bayan an saita ƙafar motar suka yi sallama da Zacharias, ta sa masa albarka har da jikokin da bai haifi iyayensu ba. Motar ta hau titi tana wani ɗan gurnani mai daɗi a ƙasa. Hajjo ta jingina tana saurare. Sai da suka wuce mararrabar da ake juyawa Gwarinpa ta ga ya miƙe hanyar filin jirgi, wadda ke kai mutum Kuje.

"Kai, ina za ka kai matar mutane?"

"Gwaji. In suka haura rafi da nauyin bakinki, to sun cika tayoyi."

Hajjo ta tuntsire da dariya, haƙoran nan biyu a waje, har tana dukan cinya. Ta laluba cikin mayafi ta ciro wani ƙullin leda, ƙamshin dambun nama ya cika motar.

"Ungo. Na Rosemary ne. Da na ƙulla ne in ba ka ka kai mata, ka ce ta yafe ni, ta riƙe awakin. Tunda da ƙafata zan je, buɗe baki."

Ta danna masa loma. Ya miƙo hannu zai ƙara, ta make hannun.

"Riƙe sitiyari, ɓarawo. Yau ɗaya dai na yarda na yi miji. Gobe kuma sai a sake dubawa."