Nomau da Na'urar Masu Riɗi

A garin Tsamiyar Baƙo akwai wani gida mai mutum uku: Inna Tabawa da 'ya'yanta maza biyu. Babban, Mijinyawa, shi ne magatakardan ƙungiyar manoman riɗi. Ƙaramin kuwa Nomau, mutum ne har da gemu, ya iya karatun boko daidai gwargwado, amma Allah ya yi shi da wani irin kai. Abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ban taɓa ganin mai biyayya da ke sa mutane kuka kamarsa ba.

Mijinyawa ne ya sha wuya har wani kamfani a Kano ya yarda ya riƙa sayen riɗin garin, aka huta da 'yan baranda masu karya farashi. Sharaɗin kamfanin ɗaya ne: duk wata magana ta kaya, ta cikin manhajarsu za a yi ta, a wata kwamfuta da suka ba ƙungiya. Ana cikin kaka sai aka yi wa Mijinyawa aikin ido, aka naɗe masa fuska, likita ya hana shi kallon haske. Ya rasa wanda zai ba amana sai ƙanensa. Nomau ya karɓi na'urar da hannu biyu, don tunda yake ba a taɓa ba shi ajiyar abin da ya fi tulu daraja ba.

Wata rana Mijinyawa ya raɗa masa kalmar sirri ta shiga manhajar, ya ce, "Kada ka kuskura ka faɗa wa kowa." Da gari ya waye Nomau ya kunna na'ura, ta fito da ɗan akwati tana neman kalmar sirri. Ya harare ta ya ce, "Ke ma? To ba za ki ji ba." Ya naɗe hannu ya zauna. Saƙon kamfani yana ciki yana jiran amsa, har wa'adinsa ya wuce. Da yamma yayan ya tambaye shi yadda aka yi.

"Ta nema, Yaya, na hana ta."

Mijinyawa ya yi salati. Kamfani ya aiko da gargaɗi.

Wata rana kuma yayan ya ce, "Shafin kaya idan ya buɗe, ka cika gurabe, kada ka bar wani fanko, in ba haka ba saƙon ba ya tafiya." Shi jajayen gurabe yake nufi, na dole. Nomau ya cika na riɗi lafiya lau. Sai ga gurbin zoɓo, ga na ƙaro, ga na citta, alhali garin ko ƙwaya ba su da ita. Ya daɗe yana zufa. Ƙarya dai ba ya so, amma Yaya ya ce kada a bar fanko, don haka ya ba kowane gurbi buhu ɗai-ɗai, wai don kada ƙaryar ta yi yawa. Na'urar Kano ba ta san wasa ba. Ta turo ma'aikaci takanas ya duba sabon kayan, mutumin ya sha hanya ya koma yana huci. Wannan karon gargaɗin ya ce shi ne na ƙarshe: kuskure ɗaya, a cire garin daga masu kawo kaya.

Ranar ba wanda ya yi dariya. Shugaban ƙungiya, Malam Cindo, ya zo har zaure ya ce, "Mijinyawa, abincin garin nan kaf ka ɗora a kan wawa." Nomau yana bayan ƙofa yana ji. Ba kalmar wawa ce ta dame shi ba, ya saba da ita. Shirun da yayansa ya yi ne ya tsaya masa a rai.

Wata rana aka ce motar kamfani za ta zo lodi. Mijinyawa ya kira shi ya riƙe hannunsa.

"Nomau, yau aikin kaɗan ne. Za ka ga an rubuta cewa riɗi busasshe ne, a shirye yake. Ka danna koren madanni. Za ta tambaye ka ko ka tabbata. Idan ka tabbata, ka sake dannawa. Shi ke nan."

"Idan na tabbata."

"Ƙwarai."

Ya danna kore. Akwati ya fito: Ka tabbata? Nomau ya ɗaga yatsa, sai ya tsaya cak. Shi fa bai taɓa leƙa cikin buhunan nan ba. Ya ajiye na'ura, ya ɗauki wuƙa da tamfol ya nufi sito. Ya farke bakin buhu na farko ya zazzage, ya ga busasshe ne. To amma wannan buhu ɗaya ke nan, sauran fa? Ya farke na biyu.

Kafin azahar filin gaban sito ya zama fari fat. Mota ta iso, direba ya ga kaya a ƙasa, ya ce shi ba zai kwana jiran ɗinki ba, ya juya. Mata suka ɗora hannu a ka. Malam Cindo ya zo da gudu rawani na warwarewa.

"Kai Nomau, ka kashe mu! Wa ya sa ka?"

"Ita ce ta tambaya, Malam. Kuma ban tabbata ba tukuna."

Inna Tabawa ta jawo Mijinyawa da sanda, tana kuka tana ba mutane haƙuri. Nomau ko waiwaye bai yi ba, ya riga ya kai layin buhunan da ke jingine da bango. Ya farke buhu, riɗin ya ƙi zubowa. Ya girgiza, sai ya faɗo a dunƙule, baƙi-baƙi, da wani wari. Na kusa da shi ma haka, har ƙarshen layin. Ashe ruwan ƙarshen damina ya bi ta tsagar bango ya jiƙa su ta baya, fumfuna ta kama, ta gaba kuwa tsaf suke.

Kowa ya san da wannan ya shiga mota an sa masa shaidar busasshe, da garin ya gama sayar wa kamfani riɗi har abada. Jinkirin lodi ana neman afuwarsa, amma ruɓaɓɓen kaya ba a yafe shi.

Mijinyawa ya durƙusa ya laluba, ya ɗebo dunƙulen ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Shi ya san da idonsa lafiya, da tuni ya danna sau biyu ya tafi masallaci. Hawaye ya jiƙa ƙyallen da ke fuskarsa, Inna tana cewa likita fa ya hana.

Malam Cindo ya gyara murya ya ce a kawo basilla da igiya, a ware mai kyau. Shi ya fara durƙusawa.

Nomau ya koma ya ɗauko na'urar. Akwatin na nan yadda ya bar shi, yana jira. Ya tsuguna kusa da yayansa.

"Yaya, na sake ɓata ko?"

Mijinyawa ya lalubo kafaɗarsa ya riƙe. "Me ta ce?"

"Har yanzu tambaya take ko na tabbata."

"To, ka tabbata?"

Nomau ya dubi can ƙuryar sito, inda sauran buhuna ke jibge ba a taɓa su ba.

"A'a."

"To ta jira," in ji Mijinyawa. "Miƙo min wuƙar, ka nuna min bakin buhun."