Kwalbar Lakar Ƙasan Teku

Yanzu ko jikana zai iya latsa waya ya nuna maka ƙasan teku. A shekarun tamanin kuwa, lokacin da ruwan Tiga bai daɗe da fara ratsa gonakin Kura ba, wanda ya yi tafiya shi ne idon gari, abin da ya ce ya gani shi ke nan. A wancan zamanin aka yi bikin ƙanwata Hadiza, bikin da ba zan taɓa iya mantawa da shi ba, ko da na so.

Na yi shekaru ina kuku a jirgin ruwan wasu masu bincike, tsakanin Dakar da Abidjan. Faransanci, Turanci, Larabci, har Wolof na cefane duk na tsinta (nan kaina ya fara kumbura). Aikin mutanen jirgin shi ne su zura dogon bututu har ƙasan teku, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, su zaro laka. Wani dattijo Bafaranshe da nake dafa wa shayi ya ce mini akwai rai a cikinta: ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune cikin sanyi da duhu, ba iska, abincinsu ɗan abin da ya gangaro daga sama, suna lallaɓa rayuwa tun kafin kakannin kakanninmu. Ranar da zan bar aiki ya cika mini 'yar kwalba da lakar, ya liƙe bakinta da kaki. Ya ce, "Kada ka buɗe. Iskarmu guba ce a gare su."

Na saba ganin Turawa suna ajiye dutse a kan tebur don kawai daga nesa ya fito. Sai na manta cewa a gidanmu tsaraba abin ɗaurawa ce, ko na ci, ko na shafawa. Atamfofi na kawo, amma kwalbar na miƙa wa Inna da hannu biyu, na ce ta fi duk abin da ke cikin akwatin daraja. Ba ta tambaye ni ko mece ce ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: ba ta yabona, ba ta doguwar magana da ni, sunana kuwa ban taɓa jin sa a bakinta ba. "Wancan" take ce mini. Ta naɗe kwalbar a ƙyalle ta sa a kwallarta.

Ranar yinin biki dangin ango suka zo daga Bunkure. Gwaggon ango ta wuni tana zuba labarin ɗanta da ya je Makka ya dawo da turaren da ba a taɓa jin irinsa ba. Ina waje tare da maza aka aiko in shigo. Na tarar da tsakar gida cike da mata, Inna a tsaye, kwalba a hannunta.

Ta ce, "Ga Habibu nan. Nawa ya je inda jirgin sama ba ya zuwa. Habibu, nuna musu."

Ina da furfura a gemu, ranar na fara jin uwata ta kira sunana.

Na soma bayani, sai kalmomin suka riƙa zuwar mini da Faransanci, Hausar ta gudu. Gwaggon ango ta katse ni: "Yaro, in turare ne buɗe mu shaƙa. In kuma da rai a ciki, to ya motsa mu gani."

Na tuna gargaɗin dattijon sarai. Amma Inna tana kallona kai a ɗage. Na karɓi wuƙa na kankare kakin.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tashi ya cika gidan. Mata suka kai bakin mayafi hanci. (Warin ma aikin ƙwayoyin ne, amma wa zai saurari wannan hanci a toshe?) Taubashiyata Ladi, wadda ba ta taɓa raga mini ba, ta tafa hannu ta ce, "Wayyo hancina! Ɗan kawu, wannan ai lakar magudanar gonar shinkafa ce! Ana ta cewa kana yawon duniya, ashe a bayan gari ka ɓuya!"

Gwaggon ango ta juya ga Inna: "Uwar amarya, da kin faɗa da wuri ai da mun zo muku da ita a bokiti."

Har masu kiɗan ƙwarya suka ajiye ludayi suna dariya. Inna ba ta yi ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta shige ɗaki. Na tsaya nan da buɗaɗɗiyar kwalba, halittun da suka jure duhun teku tun fil azal suna mutuwa a hannuna cikin ranar Kura, ba wanda ya ko gan su.

Na koyi cewa abin da sai an yi dogon bayani kafin a ga darajarsa, ba a ba uwa shi ta yi alfahari a gidan biki. Da kwalbar turare na miƙa mata da hannu biyu, da an wuce wurin.

Inna ta yi shekaru da yawa bayan nan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ba ta kuma sake faɗar sunana ba har ta rasu.