Hayaƙin Illo da Tokar Unguwarmu

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na mai da itacen unguwarmu toka ba, kuma duk a kan Illo.

Shekarun yaƙin Turawa ne. Ƙarfen kanti ya ɓace, daga Madawa har Buza ba ka samun abin da za a ƙera hauya. Hauyoyinmu kuwa sun cinye (ta babana ta siɗe har ta koma kamar cokali). Sai dattawan ƙauyenmu, can kusa da Karofane, suka ce a koma wa aikin kakanni: maƙera su narka tama su fitar da ƙarfe, kowace unguwa kuma ta yi gayya ta kawo gawayi. Unguwar da ba ta kawo ba, damina za ta same ta ba hauya.

Mun sha wuya. Maza suka shiga daji saran ƙirya, mata na kai fura, tsofaffi na ba da umarni daga inuwa. Muka jibge itacen a rami, aka sa wuta, aka rufe da ciyawa da ƙasa. Unguwar gabas ta ba Illo tsaron raminta, tamu ta yamma ta ba ni.

Illo taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma tun muna yara shi ake gani. In mun yi kokawa na kayar da shi, sai a ce Illo ya iya faɗuwa. Na tsani yadda komai yake yi masa kyau, har gibin haƙorinsa.

Sarkin Maƙera ya ja mana kunne tun farko. "Aikinku guda na," in ji shi. "Dut inda kunka ga ƙasa ta tsage, ku liƙe. Kak ku bari iska ya shiga."

Na ji, na gane. Kada mai karatu ya ce rashin sani ne.

Mu muka riga kunna wuta, don haka ranar kasuwar Karofane hayaƙina ya riga ya sirance, alamar gawayi ya kusa nuna. Na Illo kuwa sabo ne, fari tas, ya turnuƙe sama, ga raminsa a bakin hanya. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce sannu da aiki. Shi kuma yana tsaye da sanda a kafaɗa kamar shi ya ƙirƙiro wuta.

Na daure har 'yammata suka zo wucewa, cikinsu da Dije, wadda nake ta aika wa goro tun kaka. Ta dubi nasa, ta juyo ta dubi nawa, ta ce da ƙawayenta, "Wancan shi na aikin maza. Wanga ko tuwon gwauro ba ya dahwawa."

Suna ba da baya na ɗauki sanda na huda ramina ta wajen da iska yake bugowa. Huda ɗaya na yi niyya, wallahi. Da na ga hayaƙi ya ɗago kai, sai na ƙara, na kuma ƙara. Kafin 'yan kasuwa su dawo, nawa ya ninka na Illo, har da tartsatsi. Na tsaya ni ma da sanda a kafaɗa ina jiran sannu. Dije ba ta ma biyo ta hanyar ba.

Na liƙe kafofin daga baya, na ce wa raina ai ɗan kaɗan ne ya ci.

Ranar buɗewa unguwa ta fito kakaf da kwanduna da jakuna, har da makaɗi. Babana yana gaba, yana gaya wa mutane ɗansa bai taɓa barin ramin ba. Sarkin Maƙera ya sa magirbi ya yaye ƙasa. Sai ga toka fara fat ta tashi ta lulluɓe masa gemu. Ya tona can, toka. Ya tona nan, toka. Makaɗi ya saki ganga.

Sarkin Maƙera ya tsuguna ya duba gefen ramin, ya sa yatsa a gurbin sandata. "Ɗana," ya ce, "wagga gara taku da sanda taka yawo?"

Babana ya juya ya tafi, kuma wannan ya fi mini duka zafi. Gwaggo, uwar Illo, ita ce ta ƙarasa ni. Ta kira mata ta ce su kwashe tokar, ai sabulu ma ya yi wuya. "Allah shi yi ma albarka, ɗan wana, ka wanke gari dut!"

Dattawa suka zauna, unguwar gabas ta yarda ta raba gawayinta da mu, mu biya da sabon itace. Sharaɗi ɗaya Illo ya roƙa: ni zan ɗauko a ka. Haka na yi ta safara ta tsakiyar gari, fuska baƙi ƙirin, yana biye da ni yana cewa, "Sannu Sarkin Toka, a yi a hankali kak shi ma ya kama."

Hauyoyin sun fito kafin ruwan fari, amma ba su isa kowa ba. Ni da babana muka yi damina muna karɓa-karɓa da guda. Dije kuwa, ba sai na faɗi wanda ta aura ba.

Tun daga ranar, in na ga hayaƙin wani ya fi nawa tashi, sai in ce masa sannu da aiki, in yi nesa da sanda.